Mota Mai Ja Dama

Tun da Lurwanu ya sauya wa motarsa amortisa, ƙarafan da ke shanye girgizar hanya, ta daina tafiya miƙe. Da ya sassauta hannu a kan sitiyari sai ta fara zamewa dama, kamar mai neman sauka daga kwalta. Baƙar mota ce ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, wadda ya sayo a Kwatano, kuma duk ƴan kabu-kabun Birnin Konni sun san kukanta. Sababbin amortisan masu tauri ne, sun sa ta duƙa ƙasa yadda yake so. Ya san dole a daidaita mata tayoyi, abin da makanikai ke ce wa paralelizim, amma kullum sai ya ce gobe.

Ranar Laraba da hantsi ƙanwarsa Fadila ta tare shi a zaure.

"Yaya, Baba ya ce bayan azahar ka kai shi gona Dogarawa."

"Ni? Cikin wace mota?"

"Taka ya ce."

Lurwanu ya tsaya da makulli a hannu. Mahaifinsu, Alhaji Mahaman, ya tsufa a kan sitiyarin babbar mota a hanyar Agadas kafin ya mallaki motocin kansa. Mutum ne da ke jin ciwon mota tun daga ƙarar tayarta, ya kuma taɓa sallamar direba saboda cin taya ta gefe guda. Ranar da baƙar motar ta iso ya zagaya ta, ya tambayi buhu nawa take ɗauka, ya koma ciki. Bai taɓa shigarta ba. Yau kuma, ga direbobinsa zaune a ƙofar gida, ita ya zaɓa.

Garajin farko, na kusa da duwan, wato ofishin kwastan, babu wuta, injin ɗinsu kuma ya ƙi tashi. Lurwanu ya zauna a benci, ya miƙe, ya leƙa injin, ya sake zama. Da ya ga mai garajin ya aika a sayo masa shayi sai ya ja motarsa ya fita, ko sallama babu.

Ya nufi wajen Muttaƙa, abokinsa tun lakwal, wato makarantar boko, wanda ke da na'urar paralelizim a bakin hanyar fita gari. Ya tarar da motar haya a kan dandamali, wata kuma tana jira. Sai da ya roƙi direban ta biyun, ya sake roƙonsa, kafin ya bar masa layi. Da aka zo hawa, hancin motar ya daki ƙarfen dandamalin.

"Ka maishe ta ƙadangare," in ji Muttaƙa. "Sai mun sa katako."

Aka nemo katako, aka jera, ta hau da ƙyar tana gurzar ciki. Muttaƙa ya maƙala wa kowace taya abin awo, ya zuba wa allon na'urar ido. Lurwanu yana tsaye a bayansa, yana duba waya, yana mayar da ita aljihu.

"Mi ka gani?"

"Allon ya yi ja wur ko'ina. Na'urag ga ta san motar yadda ta hito daga kamfani, ba yadda ka maishe ta ba. Gaba zan iya. Baya akwai ƙusar da ta cije, sai ta sha mai ta kwana."

"Ba ni da kwana. Alhaji zan ɗauka."

Muttaƙa ya ɗago kai ya dube shi, ya ɗauki sifana ya shige ƙarƙashin motar. Yana juyawa yana leƙo allon, Lurwanu kuma yana kai da komo tsakanin dandamali da bakin titi. Zufa ta jiƙa masa riga. Aka kira azahar, suka yi salla a gefen garajin, Lurwanu ya riga kowa shafawa. Da aka sauko da ita ya gwada ta zuwa gidan mai ya dawo. Ta yi sauƙi ƙwarai, amma jan yana nan, kaɗan, wanda hannu ke ji.

"Ka dawo da ita gobe," in ji Muttaƙa. "Kuma ka bi dodan, tudun nan na rage gudu, a hankali."

Ya iske Alhaji a ƙofar gida da sandarsa. Tsohon ya laluba murfin motar, ya duƙa, ya faɗa cikin kujerar da ta yi masa ƙasa, gwiwoyinsa suka tashi sama. Lurwanu ya jira magana. Ba ta zo ba.

Suka fita gari suka miƙi gabas. Damina ta yi kyau, gero ya rufe ƙasa hagu da dama. Lurwanu ya damƙe sitiyari da hannu biyu, yana ɗan tausa shi hagu don kada a gane. Duk ramin da suka shiga sai motar ta buga su, shi kuma ya saci kallon mahaifinsa. Alhaji yana kallon gaba, hannunsa a kan sanda. Shirun ya fi faɗa damun Lurwanu, har ya kasa haƙuri.

"Baba, tana ɗan ja dama. Na kai an gyara, ba a ƙare ba."

"To. Riƙe ta."

Can an jima Alhaji ya ce, "Mun kusa Tsarnawa?"

A tsakiyar Tsarnawa suke, daidai mararraba, ga manyan motoci a jere, ga masu albasa. Lurwanu ya ce sun iso. Bai san dalili ba, ƙafarsa ta sassauta a kan totur.

A shingen jandarmomi wani da ya san Alhaji ya leƙo ta taga ya gaishe shi. Alhaji ya amsa da fara'a, ya miƙa hannu, amma hannun ya tsaya gefe, sai da jandarman ya kamo shi. Daga nan har Dogarawa Lurwanu bai ƙara tuna tayoyi ba. Yana ta lissafin abubuwan da ya gani a gida bai kula ba: yadda Baba ya daina fita masallacin asuba shi kaɗai, yadda yake miƙa wa Fadila waya ta nemo masa suna.

Hanyar gonar yashi ce da kwazazzabo, motar ba za ta shiga ba. Ya ajiye ta a gindin wata bishiyar bedi, ya zagayo ya buɗe. Alhaji ya fito, ya kama masa hannun riga, bai saki ba.

"Tun ƙaramar salla nike ganin hazo," in ji shi. "Idon dama ya rufe, na hagu na bin shi. Ban hwaɗi ma kowa ba. In na ɗauki direba, kahin magariba tasha duk ta ji."

"Baba, asibitin Galmi ga shi nan kusa. Mu tahi yanzu likita shi duba."

"Za mu tahi. Kai za ka kai ni, shi ya sa na kira ka. Amma ba yau ba."

"Mi za mu jira?"

"Gona na zo."

Suka bi ƴar hanyar a ƙafa, Lurwanu yana gaba da rabin taki, yana faɗin inda rami yake. Sauri yake so, tsohon kuma ba ya sauri. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. A bakin gonar Alhaji ya miƙa hannu ya shafa ganyen gero, ya bi kara har sama.

"Hwaɗa mini yadda ta ke. Can wajen kwari, ya yi kai?"

Lurwanu bai taɓa duban gona da niyyar bayani ba. Ya ɗaga wuya ya duba sosai.

"Ya yi kai. Amma gefen arewa ya yi rawaya, kuma waken bai rufe ba."

"Kai ni gefen arewan."

Ya dubi hadarin, ya gyara riƙon hannun mahaifinsa, suka kutsa cikin geron.