Gurgun Huɗu

"Ka ɗauke min ƙarfen nan daga kan teburin abinci," in ji Ljubinka, "ko shi ma zuba masa zan yi?"

"Minti biyar kacal," Tihomir ya ce wa matar tasa, bai ko ɗago ba. "Stanoje na tafe ƙarfe huɗu. So nake in ƙara duba ta a hasken tagar nan."

Bindigar soja ce ta kafin yaƙin duniya na biyu, doguwa, katakonta ya yi duhu kamar gahawa. Shekara goma sha ɗaya Tihomir yana tara irinta da lasisinsa, daga ɗan albashin gidan waya, kuma bai taɓa harba ko ɗaya ba. Lambobi ne ke sace masa zuciya. A wajen masu tara tsoffin bindigogi, in lambar jiki ta zo ɗaya da ta sakata da ta ƙota, to yadda bindiga ta fito daga masana'anta haka take, ba a yi mata aron gaɓa ba. Wannan kuwa ko'ina ka duba 4417 ne. Mako uku yana rantse wa Stanoje, shugaban ƙungiyarsu ta garin Kragujevac, cewa hannu bai taɓa ta ba, yau kuma mutumin zai saye ta da tsada a kan maganarsa kawai.

Kakar Ljubinka, Zagorka, tana zaune kusa da murhu kamar kowace Lahadi, tana jiran a sauke naɗin kabeji. Shekararta tamanin da bakwai.

"Ɗan nan, miƙo min amaryar taka in gani," ta ce. "Ko jikata ba ka kallo haka."

Ya zare sakatar ya ɗora mata a cinya, ya haɗa mata da gilashin ƙara girma. Ta daɗe tana kallo. Can sai ta shafa lambar da babban yatsa, a hankali, yadda ake shafa kuncin jariri.

"Wannan huɗun nawa ne."

"Naki kamar yaya, Kaka?"

"Ni na buga shi mana. Ba ka ga ƙafarsa a gutsure ba?"

Tihomir ya san ta yi aiki a masana'antar makamai, amma bai taɓa tambayar wane aiki ba. Yanzu ta faɗa masa. Tana da shekara sha tara aka riƙa kawo musu ragowar bindigogin yaƙi tarago-tarago domin gyara, sakatunsu jibge daban a cikin ganguna. Wadda ta shiga daidai ita ake sa wa bindiga, a goge tsohuwar lambarta da magagari, a miƙo wa Zagorka ta buga sabuwa daidai da ta jikin bindigar.

"Ƙarfen da nake buga huɗu da shi ya gutsure tun makon farko," ta ce. "Na je wajen mai ajiyar kayan aiki, wani dogo mai kunnuwa kamar na zomo, ya ce in dawo gobe. Na dawo, ya ce gobe. Shekara guda cur, ɗan nan. Ashe sababbi na nan cike da aljihun teburinsa."

"Mijinki, kakana Vukoje ke nan," in ji Ljubinka, ludayi a hannu, muryarta ta yi ƙasa. "Ba ki taɓa ba ni wannan labarin ba."

"Ni ma ai na san suna nan. Da ya ba ni, da me zan koma nema?"

Tihomir ya karɓi sakatar ya kai jikin taga. Huɗun da ke jikin bindigar lafiyayye ne, na sakatar kuwa gurgu, kuma a ƙarƙashinsa ga ɗan kwarin da magagari ya bari. Ya ga kwarin tun ranar farko, ya ce wa kansa tsufa ne kawai. Ya ji kunya ta hau masa har wuya. Darajar bindigar ta faɗi da rabi, kuma a taron ranar Asabar duk ƙungiya za ta sha dariyarsa. Amma ga mamakinsa, ƙirjinsa a cike yake da wani irin daɗi. Sau nawa ya riƙe tsohon ƙarfe yana tunanin hannuwan da suka wuce ta kansa, ga shi yau ɗaya daga cikinsu yana jiran kabeji a kicin ɗinsa.

Zagorka ta karanci fuskarsa.

"Na ɓata maka ciniki, ko? Kada ka damu. Ni tsohuwa ce, in mutumin ya shigo sai barci ya kwashe ni. Shi ma ba zai gane ba, tunda kai mai ido huɗu ba ka gane ba."

Aka danna ƙararrawar ƙofa. Ljubinka ta dubi mijinta.

Ya mayar da sakatar mazauninta, ta shige da ɗan sauti mai taushi.

"Ba za ki yi barci ba, Kaka," ya ce, yana nufar ƙofa. "Da bakina zan gaya masa na yi kuskure, kuma bindigar nan ba ta barin gidan nan. Sauran labarin ke za ki ba shi, har da kunnuwan."