Furen da ke Ƙarƙashin Itacen Tsintsiya

Ranar da na dawo daga Perth, inda na kai Inna a duba mata ƙugu, sai na tarar da sabuwar danga ta zagaye lambuna. Clarrie, maigidana, yana tsaye a gefenta yana ta washe baki.

"Ba kin ce iska na karya miki tumatir ba?" in ji shi. "To, ga magani."

Dangar itacen tsintsiya ce, rassa ɗaure dam-dam tsakanin wayoyi. Kyau kam ta yi kyau. Na ce, "Ina ka samo tsintsiyar?"

"Can bayan tafkin tumaki."

Na ce, "Wurin Inna? Clarrie, wurin furen?"

"Haba Merryn, kin maishe ni yaro? Ai furen naku a cikin ƙasa yake. Ban taɓa ƙasa ba ko da yatsa, sama kawai na sara."

Ku ji mutum! Shekara da shekaru muna tare, ya san furen, ya sha ganinsa, amma bai taɓa tambayar me yake ci ba. Na ce masa, "Malam, wannan furen na okid ganye gare shi? Ya taɓa ganin rana? Funfunar nan fara mai kamar zare da ke shiga jikinsa, ita ke ba shi abinci. Ita kuma a saiwar tsintsiya take tsotsa. Tsintsiyar kuma da ganyenta take dafawa. Ka kwashe tukunya, kana ce mini ba ka taɓa kwano ba!"

Ya cire hula, ya dube ta, ya mayar.

Gonar ta Inna Dulcie ce, mahaifiyata. Tana amarya ta ga furen, lokacin da Baba ke share daji don alkama, ta tsaya gaban tarakta ta ce ba za a wuce nan ba. Kaf duniya wurare 'yan kaɗan ne yake fitowa, duk a yankinmu. Yanzu tana gidan tsofaffi a Corrigin, ƙafa ta ƙi, amma duk shekara in ruwan Mayu ya sauka sai ta ji labarinsa. In ya mutu, da wane baki zan gaya mata?

Bazarar nan ta yi mini tsawo. Zafi kamar a bakin murhu, kututturan suna tsaye tsirara cikin farin yashi. In na kai wa Inna biskit ranar Lahadi ta ce, "Ya dajina?" sai in ce, "Yana nan," in shiga zancen farashin ulu. Haushi nake ji, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

Shi kuwa gogan naka bai ba ni haƙuri da baki ba, ai ba ya iyawa. Sai dai na ga ya kewaye wurin da raga don kada zomaye da kangaru su shiga. In ya gama da tumaki da yamma, sai ya ɗora tankin ruwa a akori-kura ya nufi can. Kafin bazara ta ƙare kututturan suka fara toho, ɗanye shar. Ya shigo da murna, na ce masa, "Kar ka yi saurin rawa. Itace ya farfaɗo, amma wa ya ga abin da ke ƙasa?"

Da ruwan Mayu ya jiƙa ƙasa, muka fita da safe. Neman furen nan sai da rarrafe: a durƙusa gindin itace, a ɗaga busasshen ganye a hankali da yatsu, a duba ko ƙasa ta tsage. Na bi gindi bayan gindi, babu komai sai tururuwa. Gwiwoyina suka yi tsami. Clarrie na can gefe yana nishi, tumbinsa na sharar yashi.

"Merryn." Muryarsa ta sauya. "Zo ki gani. Ni ba zan taɓa ba."

Wata 'yar tsaga ce, ba ta kai tsawon farce ba. Na hura yashin, na ture da ɗan tsinke. Ga shi nan! Fararen leɓɓa masu ɗan ja-ja sun buɗe kamar ƙaramin kofi, ciki kuma 'yan furanni jajaye sun jeru a zagaye. A gefensa fararen zaruruwan funfuna sun kama ganyen da ya ruɓe. Wayyo, daɗi! Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba. Clarrie ya juya mini baya yana fyace hanci, wai yashi ne ya shiga masa.

A nan durƙushe na kira Inna a waya. "Inna, ya fito!"

"Guda nawa?"

"Ɗaya muka gani tukuna. Inna, akwai abin da ban gaya miki ba..."

"Sarar da mijinki ya yi? Ke, tun kafin Kirsimeti maƙwabciyarku Mavis ta kawo mini labari, har da hoton dangar. Na zuba miki ido ne in ga yaushe za ki daina yi mini zancen ulu. Ba ni shi."

Clarrie ya karɓi wayar da hannu biyu. "Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau, sarkin aiki. Ka ga furen?"

"Na gani, Inna."

"To, me kuke jira? Ku rufe shi mana, kafin rana ta busar da shi."

Ya miƙo mini wayar. Ya tattaro busasshen ganye da manyan hannayen nan nasa, ya shiga mayarwa kaɗan-kaɗan, har wurin ya koma kamar babu komai.