Katin Sammani

Malam Isyaku malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Duk wata ana yankar wani abu a albashinsa da sunan inshorar lafiya. Ranar rajista aka ce masa tsarin mace ɗaya yake ɗauka da 'ya'ya huɗu, shi kuwa biyar gare shi. Suka yi shawara da matarsa Furera, suka bar Hadi, na ukunsu, don shi ko mura ba ya yi.

Da daminar shekarar da komai ya yi tsada, zazzaɓi ya kwantar da Hadi. Aka yi ta sayo magani a kemis, har cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Nababa, ma'aikacin asibitin ƙauyen, ya danna cikin, ya ce taifot ne ya huda hanji, sai an yi masa aiki a birni.

"Yana cikin katin inshorar?" Nababa ya tambaya.

Malam Isyaku ya girgiza kai. Tumakin gidan tun bazara aka sayar da su aka sayi taki, gero kuma bai nuna ba.

Nababa ya daɗe yana duban hotunan yaran da ke jikin katin. "Malam, wannan yayan nasa, Sammani, ai kamarsu ɗaya. Ni dai sunansa zan rubuta."

Malam Isyaku ya sunkuyar da kai, bai ce a'a ba.

A babban asibiti aka ce takardar Nababa ba ta wadatar ba, sai ofishin inshora ya aiko da lambar izini. Da lambar ta zo, ashe ta ganin likita ce, ba ta tiyata ba. Aka sake nema, aka ce na'ura ta tsaya. Ƙarin ruwa yana cikin tsarin, jini ba ya ciki. Wata allurar tana ciki amma ta ƙare, sai dai a sayo a waje. Haka Malam Isyaku ya yi ta yawo daga wannan taga zuwa waccan.

"Baba, wallahi ba ni na tsara ba," in ji yarinyar da ke taga ta ƙarshe. "Ka ƙara haƙuri."

A ɗakin marasa lafiya kuwa, duk nas ɗin da ta shigo Sammani take kira. Hadi ya juyo da ƙyar ya dubi uwarsa.

"Inna, ki gaya musu ni Hadi ne."

Furera ta dubi mutanen gadon kusa, ta shafa kansa. "Yi shiru, ɗan albarka. In ka warke."

Daga nan ta daina kiransa da kowane suna, don kada bakinta ya suɓuce.

An yi aikin daga baya, amma likita ya ce an makara. Washegari bayan la'asar Hadi ya cika. A motar da ta dawo da su Furera ba ta yi kuka ba, sai da suka wuce Bichi ta ce, "Malam, yana ta kallona, ban kira sunansa ba."

Bayan kaka Sammani ya kwanta da zazzaɓi. Uban ya ɗauke shi a babur zuwa wurin Nababa. Nababa ya duba wayarsa, ya sake dubawa, sannan ya rage murya.

"An cire shi, Malam. A wurin 'yan inshora ya rasu. In muka ce a gyara, sai mun faɗi abin da muka yi. Ni aikina zai tafi, kai kuma a soke katin gidan duka."

Malam Isyaku ya karɓi katin, ya yi godiya. Suna kan hanya Sammani ya kwantar da kansa mai zafi a bayan ubansa.

"Baba, na ji ya ce na rasu."

"Riƙe ni sosai," in ji Malam Isyaku. "Akwai yashi a gaba."

Sammani ya warke da maganin da Nababa ya kawo har gida. Malam Isyaku bai taɓa gaya wa Furera abin da aka ce a asibitin ba, ya kuma roƙi yaron kada ya faɗa mata.