Goma Sha Huɗu

Maliki ya buga takardar a kan teburin likita har biro ya faɗi ƙasa. Ta gwajin ido ce na kyauta da aka yi wa direbobi a tashar Bwari shekara uku da suka wuce. Har leda ya kai aka manna mata, yana yawo da ita a aljihu kamar lasisi.

"Karanta, madam. Goma sha huɗu. Suka ce ba ni da hawan jinin ido. Injinki ma yau goma sha huɗu ya nuna. Sa min hannu in wuce, oga na jira."

Kamfanin da yake ja wa bas ne ya kafe: ko takardar likita, ko ya ajiye makulli. Dokta Justina kuwa ko kallon ledar ba ta yi ba, abin da ya ƙara tunzura shi ke nan.

"Injin farko fatar gaban ido yake dannawa," in ji ta. "Taka ba kauri, ga laushi, da an taɓa sai ta lotsa, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. Na biyun da ya hura maka iska ƙwarin fatar ya auna, kuma bai yi min daɗi ba. Irin idonka cutar ke ci a ɓoye, daga gefe. Sai na gwada ganin gefenka."

"Ke za ki gaya min abin da nake gani? Shekara ashirin da biyu ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takewa ba!"

"To kada ka fara da mutum."

Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya fizgi takardarsa, ya banko ƙofa ya fito baranda yana huci. Ya duba gaba, babu matarsa Talatu. Dama abin da zai sauke wa fushi yake nema.

"Talatu! Ina matar nan ta shiga kuma?"

"Ga ni, Malam."

Ya juya kansa gaba ɗaya. Tana tsaye a hagunsa, kafaɗarta ta kusa gogar tasa, hannunta a sama.

"Tun da ka fito nake ɗaga maka hannu," ta ce a hankali.

Maliki ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya miƙa mata takardar ledar ta riƙe, ya koma ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya banko.