Irin Geron Malam Abbati

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Malam Abbati na Birnin Tsaba ya ga gulbi na cika tun damina ba ta yi nisa ba. Sai ya ɗauko jakar fata, ya zuba ashana da gishiri da maganin zazzaɓi, ya ƙulle ragowar irin geron da ya gada daga kakansa ya sa a ciki, ya rataye ta a zaure.

Ɗansa Yazid, wanda ya dawo daga Ƙaura da sabon gemu da sabon wa'azi, ya ce, "Baba, wanga rashin tawakkali na. Kai ka san gobe?"

"Ban san gobe ba, ɗan nan, amma na san gulbi."

Ranar Juma'a, tsoho na gona, Yazid ya sauke jakar ya rabar da kayan ciki sadaka a ƙofar masallaci, ana ta sa mishi albarka.

Ruwa ya zo ya ci gona da rumbu. Daga kan tudun da suka fake, tsoho ya aika a roƙo mishi irinsa wurin waɗanda aka ba sadakar. Aka ce ai tuni an daka an sha kunu. Geron gidansu ya ƙare ke nan.