Makullin Kawu

Ranar Talata ce, saura mako guda zaɓe, ruwa na zuba tun asuba kamar da bakin ƙwarya. Icilda tana soya kifi mai gishiri ta ji ana buga ƙofarta da gindin bindiga. Kyaftin Linval ne, shugaban samarin jam'iyya a unguwar, jar rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Mama Cilda, wannan ƙamshi ai sai ya sa mutum ya manta da siyasa. Ina bakaniken namu?"

"Yana gareji. Ka ƙyale min ɗana Hopeton, Linval. Da hannuna na yi maka wanka kana jariri."

"Shi ya sa na ƙwanƙwasa, ban ɓalle ƙofar ba. Ranar Asabar za mu tsallaka kwata mu gaida 'yan adawa masu koriyar riga. Kowane gida zai ba da namiji ɗaya." Ya sa yatsa ya taɓa makullin gidan da ke rataye a wuyanta. "Wa ya ba ki wannan?"

"Kawu."

"To, Kawu na son komawa kujerarsa."

*

Kawu shi ne Firaminista Aldwyn Prescod. Icilda ta san shi tun yana matashin lauya, ɗan masu hali, da ya ajiye kwat ya shiga yajin aikin masu saran rake. A tsakar gidan su Icilda ya ci dafaffiyar ayaba da hannu. Da 'yan sanda suka harbe mijinta Ezekiel a gonar rake, da kafaɗar Kawu aka kai gawar kabari. Da ya hau mulki ya soke kuɗin makaranta, ya yanka wa 'yan aikin gida albashi, ya gina wa talakawa benaye. Daga baya masu kuɗi suka gudu waje, shinkafa ta ɓace a kantuna, bindigogi suka shigo. Benayen kuwa jam'iyya ce ke raba makullansu, kuma ita ke karɓewa.

"Kawu bai sani ba," ta faɗa wa ɗanta da ya dawo. "Jibi zai yi taro a kasuwa. Zan gaya masa."

Hopeton ya ajiye cokali. "Mama, don Allah. A nan ba a kai ƙara, kin fi kowa sani. Zan bi su in tsaya can baya, in an fara harbi in ari ta kare. Kin san ko kaza ba na iya yankawa."

"Haka ɗan maƙwabciyarmu Merlene ya ce. Yanzu ina yake?"

Ya ture kwanon gefe. Ita ma ba ta ci ba.

*

Ranar Alhamis ta kutsa cikin jajayen riguna, ana ture ta tana turewa, har takalminta ɗaya ya fita. Ta kai bakin motar Kawu daidai lokacin da ya sauko daga dandamali. Ya yi furfura, kuncinsa ya zube.

"Matar Ezekiel!" Ya rungume ta. "Kina raye, 'yar'uwa?"

Ta kai baki kunnensa ta zazzage masa komai. Ta ji hannunsa ya yi sanyi a kafaɗarta.

"Ba da sunana ba," in ji shi a hankali. Amma bai kalli idonta ba. Masu gadi na jan sa, taro na kiran sunansa. Ya waiga. "Wa ke riƙe mana unguwarsu?"

Sai ga Linval ya matso yana share hannu a wando.

"Kyaftin, wannan tamu ce tun zamanin rake. Ta ce ana tilasta wa yara. Ka duba min maganar, ka kula min da ɗanta."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Linval, yana yi wa Icilda murmushi. "Da kaina zan kula da shi."

Motar ta tashi. Icilda ta bi ta da gudu, ƙafa ɗaya ba takalmi, tana kira, "Kawu! Shi ne fa! Shi ne!" Ganguna suka cinye muryarta.

Ta juya ta nufi gareji. Mai garejin bai ɗago kai daga injin da yake kwancewa ba. Ya ce wasu samari sun zo sun tafi da Hopeton gyaran mota.

*

Da safiyar Juma'a aka tsinci Hopeton a kwata, da sifana a aljihunsa. A ƙofarta an rubuta 'YAR TSEGUMI da jan fenti. Maƙwabtan da suka shekara ashirin suna aron gishirinta suka rufe tagoginsu. Wani yaron Linval ya zo ya yanke makullin daga wuyanta, har da ba ta haƙuri.

Kawu ya ci zaɓe. A ɗakin ƙanwarta a ƙauye ta ji shi a rediyo yana roƙon matasa su ajiye makamai, muryarsa mai daɗi kamar kullum.

Miji ɗaya a gonar rake. Ɗa ɗaya a kwata. Ɗaki biyu da falo a hawa na uku. Takalmi ɗaya.

Igiyar makullin tana nan a wuyanta. Har yanzu, in za ta fita, sai hannunta ya kai wurin.