Awarwaron da Ya Yi Ƙiba

Mai Sikeli ƙannenta ke ce mata, don aikinta awon ƙarafa ne a wata masana'anta, kuma ba ta yarda da komai sai ta auna. Da mahaifinsu ya rasu, Mama ta cire awarwaron da ya ƙera mata da hannunsa, ta ce a narka a yi wa 'ya'yanta mata zobba. Maƙeri ne da aka san shi da gaskiya, kullum yana cewa zinariya ce zalla.

Mai hali ba ya barin halinsa. Kafin Mai Sikeli ta kai wa mai narkawa, ta ɗora shi a sikelin ɗakin gwaji: giram sittin. Ta ɗaure shi da zare ta nutsa a kofin ruwa, nauyin ya ragu da giram biyar. Ta raba sittin da biyar, ta samu sha biyu. Zinariya zalla sha tara take bayarwa, jan ƙarfe kusan tara. Ta kaɗe kumfar da ta maƙale, ta sake aunawa, amsar ba ta motsa ba. Fiye da rabinsa jan ƙarfe ne.

In Baba ya ha'inci matarsa, wa ya bari?

Ta tarar da Mama a kicin tana wanke kofuna.

"Mama, awarwaron nan gauraye ne."

"Sai yau kika sani?" Mama ta miƙo hannu, ga wani koren tabo ya zagaye inda awarwaron yake zama. "Zinariya ba ta yin wannan. Duk sabon zango sai ya karɓa wai zai goge mini. Ya narka, ya ɗebi kaɗan, ya cike da jan ƙarfe don kada in ji nauyin ya canza. Ina ramewa, awarwaro yana ƙiba."

"Ba ki taɓa yi masa magana ba?"

"In kunyata shi? Ai ya ɗauka ban sani ba, na bar shi ya tafi da hakan."

"To ina zinariyar ta tafi?"

Mama ta kife kofin, ta dube ta.

"Makarantar da ta koya miki wannan awon."

Mai Sikeli ta zura awarwaron a hannunta, kuka ya ci ƙarfinta.